Wane Ne "Stranger"? Kalmar Turancin Da Ke Neman Rufe Wa Baƙo Ƙofa

A watan Agustan 2019, 'yar majalisar dokokin Kenya Zuleikha Hassan ta shiga zauren majalisa a Nairobi rungume da jaririyarta 'yar wata biyar, domin ba ta samu wanda za ta bar wa ita a gida ba. Zama bai yi nisa ba mai jagorantarsa ya umarce ta da ta fita. Hujjarsa tana rubuce cikin ƙa'idojin majalisar: ba a yarda "stranger" ya shiga zaure ba, kuma a idon ƙa'idar, 'yar goyen nan "stranger" ce. Wasu takwarorinta suka fice tare da ita don nuna ɓacin ransu.

Ƙamus ɗin makaranta ya koya wa ɗalibi cewa wannan kalma tana nufin mutumin da ba a sani ba. To, wa ya fi uwa sanin abin da ta haifa? Wane ne a zauren bai san 'yar wa aka riƙe ba? Ashe ma'anar kalmar ta fi abin da ƙamus ya faɗa faɗi. A yau tana bakin malaman makarantun kuɗi da ke karantarwa da Turanci, tana cikin sanarwar jami'an tsaro, tana yawo a saƙonnin WhatsApp da iyaye ke tura wa juna, kuma duk inda aka zo juya ta zuwa Hausa sai a ce "baƙo" a wuce.

Ni ban yarda da wannan gaggawar ba. Kalmar Turancin ta cuɗa abubuwa uku da ya kamata a raba: wanda ba a sani ba, wanda ba ɗan gida ba, da wanda ake jin tsoro. Na farko gaisuwa da tambaya suna maganinsa. Na biyu zama da cuɗanya suna shafe shi. Amma da hukuma ta rubuta kalmar a takarda, iyaye kuma suka mayar da ita abin tsoratar da yara, sai ta zama tambarin da ba ya goguwa. Wannan tambari ya ci dukiya, ya ci rayuka, kuma bai kare yaran da aka ce don su ake yi ba.

Ita kanta kalmar baƙuwa ce a Ingila. Ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, wanda ya gaje ta daga kalmar Latin extraneus, wato na waje. Tun daga tushe ke nan zancen iyaka take yi: ga na ciki, ga na waje. Kafin zuwanta, tsohon Turanci yana da kalma ɗaya da ke ɗaukar wanda aka sauka da wanda ba a sani ba, ita ce kakar guest ta yau. Masana harshe sun nuna cewa guest da host, mai masauki, da hostile, mai gaba, duk asalinsu ɗaya, haka ma hospital da hotel. Girkawa ma kalmarsu xenos tana nufin wanda aka karɓa a gida da wanda ya zo daga wata ƙasa, ko da yake yau an fi jin ta a cikin xenophobia, ƙyamar baƙi. Mutanen dā sun san mai sallama a ƙofa yana iya zuwa da alheri, yana iya zuwa da akasinsa, sai suka bar hali ya raba gardama. Turancin baya ne ya yi rabo: guest ya ɗauki gayyata da shimfiɗa da abinci, stranger ya tashi da zargi.

A Landan ta ƙarni na 16, stranger shi ne wanda ya ƙetaro teku, ɗan Faransa ko Holan ko Italiya. Abin mamaki, foreigner a lokacin yana nufin ɗan Ingila da ya zo daga wani gari, ba shi da 'yancin ɗan birni. A ranar 1 ga Mayun 1517, matasa masu koyon sana'a suka far wa gidajen waɗannan baƙi da shagunansu bisa zargin sun ƙwace musu ciniki, har gwamnatin Sarki Henry na Takwas ta rataye fiye da mutum goma daga cikin masu tarzomar. Bayan kusan shekara tamanin aka rubuta wasan kwaikwayo a kan Thomas More, wanda ya yi ƙoƙarin kwantar da tarzomar, kuma masana da yawa sun yarda cewa shafuka uku na rubutun hannun Shakespeare ne. Abin da ke cikinsu roƙo ne ga masu bore su ɗauka su ne aka kora daga ƙasarsu, su ga inda za su dosa.

Birnin Norwich ya bi wata hanya dabam. A 1565 hukumomin birnin suka gayyato gidaje 30 na masaƙa daga yankin Holan da Beljiyam na yau don farfaɗo da sana'ar saƙa da ta durƙushe. Gudun tsanantawar addini ya sa wasu suka biyo baya, cikin shekara ashirin suka kai wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin, ana kiran su "Strangers". Su ake danganta wa kawo tsuntsun kanari, wanda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Norwich City ta ɗauki laƙabinta daga gare shi. Suka yi auratayya, suka narke cikin gari. Yau ana ganin sunan a jikin wani gidan tarihi. A riƙe wannan: a Norwich, baƙunci ya ƙare.

A majalisar dokokin Birtaniya kalmar ta sake riga. Can, kafin 2004, duk wanda ba ɗan majalisa ba ne ko ma'aikacinta, stranger ne, ko da ya fi kowa suna a ƙasar. A dā ɗan majalisa ɗaya tak yana iya tashi ya ce ya hango baƙi, dole a kori kowa daga wurin 'yan kallo. A 1875 ɗan majalisa daga Ailan, Joseph Biggar, ya yi amfani da wannan dama ya sa aka fitar da Yarima mai jiran gado. Sai a 2004 majalisar ta yarda ta daina kiran jama'ar da suka zaɓe ta da wannan suna. Ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka sun gaji kalmar tare da sandar majalisa, shi ya sa ta faɗa kan jaririya a Nairobi shekara 15 bayan masu ita sun ajiye ta.

A kotu kuma, wanda bai shiga yarjejeniya ba ana ce masa stranger gare ta, ko da ɗan cikin masu yarjejeniyar ne. Shari'ar Tweddle da Atkinson ta 1861 ita ce misalin da ɗaliban lauya ke haddacewa: iyaye maza biyu suka yi alkawarin ba ango kuɗi, ɗaya ya rasu bai biya ba, kotu ta ce ango ba shi da bakin ƙara domin ba da shi aka ƙulla ba.  Hatta masu fassara sun sha wuya da kalmar: littafin Albert Camus na 1942 ya fito a Amurka da sunan The Stranger, a Birtaniya kuma The Outsider.

Hausa ta rarraba abin da Turanci ya dunƙule. Wanda ba na cikin dangi ko ƙungiya ba, bare ne. Wanda ba a saba gani a unguwa ba, baƙuwar fuska ce. Wanda ya zo neman kuɗi da rani zai koma da damina, ɗan ci-rani ne. Wanda ya tsallako iyaka ba takarda, baƙon haure ne. Shi kuwa baƙo tsurarsa, kalma ce mai ɗora wa mai gida nauyi: ruwan sha, wurin kwana, rakiya. An ce baƙonka Annabinka. Jariri ma baƙon duniya ne, kuma Baƙo suna ne da uba ke raɗa wa ɗansa da alfahari, har Kano ta yi gwamna Audu Baƙo daga 1967 zuwa 1975. Wane Bature ne zai raɗa wa ɗansa suna Stranger? Idan malama ta ce wa yaro a aji "kada ka kula baƙo", alhali a gida kakarsa tana cewa "tashi ka ba baƙo wuri", wanne zai ɗauka?

Inda kalmar ta fi yi mana ɓarna shi ne a ofishin Turawan mulkin mallaka. A Gambiya sun kira 'yan ci-ranin noman gyaɗa "strange farmers". A biranen Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suka yanka unguwanni na musamman suka ce na "strangers" ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wajen 1913 aka shata Sabon Gari a bayan ganuwa don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka kuma daɗe ana gudanar da ita ƙarƙashin Bature kai tsaye, ba ƙarƙashin Sarki ba. A Ibadan aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. A Kumasi da Accra, zango, wanda asalinsa masaukin ayarin fatake ne, ya koma sunan unguwar waɗanda ba a ɗauka 'yan ƙasa ba.

A kwatanta wannan da abin da Turawan suka tarar. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma ba su daɗe ba suka zama limamai da alƙalai. Sunayen unguwanni cikin ganuwa shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Agadasawa, Dandalin Turawa ta Larabawan Arewacin Afirka. Jikokin waɗannan mutane yau Kanawa ne, ba mai tambayar su takarda. Hanyar shigarsu sananniya ce: falke ya sauka wurin fatoma ko mai gida, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Daga ciniki a koma maƙwabtaka, daga maƙwabtaka a koma surukuta. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi ke tafiya a kan amanar masu gida. Baƙunci a wancan tsari yana da ƙofar shiga, yana da ta fita.

Masanin zamantakewa na Jamus, Georg Simmel, ya yi rubutu a 1908 yana bambanta matafiyi mai wucewa da wanda ya zo ya zauna amma aka ci gaba da kallonsa a matsayin na waje. Na biyun nan shi ne mulkin mallaka ya shata wa fili, ya ba shi kotu dabam da haraji dabam, ya bar mana shi gado.

Akwai masu cewa wannan duk tsawaita zance ne, kalma kalma ce, ba ta taɓa kashe kowa ba. Su duba abin da ya biyo baya. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubata suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zangunan Kumasi da Accra, ba su taɓa ganin garuruwan da aka ce su koma ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba da irin wannan umarni, wajen mutum miliyan biyu suka bar Nijeriya, kusan rabinsu 'yan Ghana, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da ake kiran ta da shi har gobe. Kafin nan, a 1980, an ɗauki shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno, Shugaba Abdurrahman Darman, aka tsallakar da shi Chadi bisa da'awar ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da 'yancinsa. Idan za a iya mayar da zaɓaɓɓen ɗan majalisa baƙo cikin dare ɗaya, ina ga mai sayar da shayi?

Yau kalmar ta sauya suna ta koma "settler", ɗan kaka-gida, kishiyar ɗan asali. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, a sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma sashe na 147 ya ce minista daga kowace jiha sai ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha ga asalin iyaye ko kakanni. Sakamakon kowa ya san shi: takardar indijin ta ƙaramar hukuma ce mabuɗin gurbin karatu, tallafin karatu da aikin gwamnati. Bahaushen da kakansa ya zo Jos haƙar kuza yana shan wuyar samun ta, kuma rikicin Jos na 1994 da na 2001 duk sun taso ne a kan naɗa wanda wasu ke gani ba ɗan asali ba. Ɗan ƙabilar Ibo da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano shi ma haka yake komawa ƙauyen da bai sani ba neman takardar. Shekara nawa mutum zai yi yana biyan haraji, yana binne iyayensa a gari, kafin ya tashi daga baƙo? A Ghana, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Accra a 1919, ya zama uban ƙasa da Musulmi da Kirista ke girmamawa, amma har yanzu da yawa daga 'ya'yan zango sai sun sha tambayoyi kafin a yarda 'yan Ghana ne idan sun je neman fasfo.

Wasu kuma za su ce kada a ɗora wa Turanci laifin da muke da namu kaso a ciki. Ai Bahaushe ne ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato ɗaya zai bushe da hantsi, ɗaya yana nan daram. Ai ba da Turanci aka yi tunanin wa'adin da gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba 'yan ƙabilar Ibo a Kaduna a watan Yunin 2017 cewa su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma janye wa'adin da aka yi daga baya bai wanke abin kunyar ba. Ƙyamar na waje ba ta da harshe ɗaya. Sai dai karin maganar raɓa tana magana ne a kan mai wucewa. Ba ta ce jikan raɓa ma raɓa ne ba. Abin da takardar hukuma ta ƙara shi ne gadon baƙunci daga kaka zuwa jika, kuma duk mai kare wannan tsari a Kano ba shi da bakin kuka idan aka yi wa ɗan'uwansa a Jos ko Ibadan.

Ma'ana ta uku, ta tsoro, ita ce mafi ƙuruciya kuma mafi saurin yaɗuwa. Likitocin yara sun san cewa jariri yakan fara ƙiwa wajen wata shida zuwa takwas, ya ƙi zuwa hannun wanda bai saba da shi ba, daga baya abin ya wuce. Amma a Birtaniya da Amurka an mayar da ƙiwa darasin makaranta. A 1971 gwamnatin Birtaniya ta fitar da fim na gargaɗin yara kada su bi wanda ba su sani ba. A Amurka, ɓatan wani yaro ɗan shekara shida a New York ranar 25 ga Mayun 1979 ya girgiza ƙasar, aka shiga buga hotunan yaran da suka ɓace a jikin kwalin madara, Shugaba Ronald Reagan kuma ya ware wannan rana a 1983 don tunawa da su. Taken "stranger danger" ya shiga kowane aji, ya zauna a kunne saboda kalmomin biyu suna da amo ɗaya.

Da aka zo lissafi sai labari ya sha bamban. Binciken da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ɗauki nauyi ya ƙiyasta cewa a 1999 yara wajen 115 ne wanda ba su sani ba, ko suka sani sama-sama, ya yi musu irin satar da ake tsoro, alhali waɗanda wani daga cikin danginsu ya gudu da su sun haura 200,000. Binciken 2011 ya sami wajen 105 a rukunin farko. A 2005 wani yaro ɗan shekara 11 ya ɓace kwana huɗu a tsaunukan jihar Utah, bayan an gano shi iyayensa suka ce yana ɓuya wa masu neman sa ne domin an hana shi kula wanda bai sani ba. Shi ya sa babbar cibiyar kula da yaran da suka ɓace ta Amurka ta daina goyon bayan wannan take, a Birtaniya ma wata ƙungiya ta fito da sabon darasi da ke koya wa yaro kada ya bi kowa, sananne ko ba sananne ba, sai da sanin iyayensa. Masu taken sun fara ajiye shi, mu kuma yanzu muke ɗauka.

Ga hujja mafi ƙarfi ta masu saɓa mini, kuma ba ta wasa ba ce. Za su ce Amurka dabam, nan dabam. A watan Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka sanar da ceto yara tara da aka sace daga unguwannin birnin, aka gano galibinsu a jihar Anambra an sauya musu suna. 'Yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga. A irin wannan zamani, wa zai ce wa uwa kada ta tsoratar da ɗanta? Wa zai hana mai unguwa sa ido kan baƙuwar fuska? Rigakafi ai ya fi magani.

Rigakafi ya fi magani idan an san cutar. Kanawa ba su manta da yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a Disamban 2021 tana dawowa daga Islamiyya ba. Wanda ya ɗauke ta, ya kashe ta, ya binne ta, mai makarantar bokon da take zuwa ne, mutumin da ta sani, iyayenta suka amince masa, kuma kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Darasin "kada ki bi baƙo" da me zai amfane ta? A ƙauyukan Zamfara da Katsina kuwa, kalmar da ta fi tayar wa mutane hankali ita ce infoma: ɗan gari da ya san wanda ya sayar da shanu, ya san ɗakin da yake kwana. Da ɗan gari akan ci gari. Mai kallon ƙofa kaɗai yana jiran baƙuwar fuska ya bar bayansa a buɗe.

Sannan a dubi abin da tsoron yake haifarwa idan ya kama taron jama'a. A ƙarshen Maris ɗin 2025, 'yan sintiri a Uromi ta jihar Edo suka tare motar mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa Kano yin Sallah, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, taro ya kashe mutum 16. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a saurari bayaninsu ba. A Agustan 2021 an kashe matafiya fiye da ashirin a hanyar Rukuba ta Jos suna dawowa daga Bauci. Laifin waɗannan mutane a idon makasansu shi ne ba a san su ba. Al'ummar da ta fi kowa yawon fatauci da ci-rani da neman ilimi, daga Legas zuwa Yawunde, daga Agadas zuwa Mai Wurno ta Sudan, ita ce za ta fi kowa asara ranar da "ba mu san shi ba" ya zama hujjar hukunci.

Kuma rayuwar birni ba ta tafiya sai da amincewa da wanda ba a sani ba. Mai shiga adaidaita sahu bai san direba ba. Mai tura kuɗi ta wurin mai POS bai san sunan kakansa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019 ya miƙa walat fiye da 17,000 a matsayin tsintuwa a birane 355 na ƙasashe 40, aka tarar a kusan duk ƙasashen an fi neman mai walat idan akwai kuɗi a ciki. Wannan ba ya nufin a saki jiki. Shafin Omegle, wanda aka buɗe a 2009 don haɗa mutum hira da wanda bai taɓa gani ba, an rufe shi a Nuwamban 2023 bayan ƙararraki kan lalata da yara. Amma abin da ya yi ɓarna a can shi ne haɗa yaro da babba a keɓe ba idon kowa. Mugu ba shi da kama, don haka abin lura shi ne aiki: mai cewa "kada ka gaya wa mamanka", mai ba yaro kyauta a ɓoye, mai neman ya bi shi wani wuri, ko kawu ne, ko malami, ko wanda yau aka fara gani.

Saboda haka mai fassara a gidan rediyo ya tsaya ya tambayi kansa wace ma'ana ke gabansa kafin ya ce baƙo: wanda ba a sani ba ne, ko bare, ko ɗan wata ƙasa, ko wanda ake zargi? Malaman firamare su koya wa yara wanda za su nufa idan sun ɓace, kamar mai shago ko uwa mai goyo ko ɗan sanda, maimakon su koya musu gudun kowa. Masu unguwanni su farfaɗo da aikin mai gida: wanda ya sauka a unguwa a san mai tsaya masa, a rubuta, daga nan ya zama na gida, duk wanda aka zarga kuma a miƙa shi ga hukuma da ransa.

Babban aikin yana gaban majalisa. A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudirin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha, ko macen da ta auri ɗan jihar, damar zama ɗan asalinta. Suka ta taso daga sassa daban-daban, kowa yana tsoron a mamaye masa gida, har ya janye ƙudirin. Mai ganin shekara goma ta yi kaɗan yana da damar faɗa, kuma tsoron ƙananan ƙabilu kan filaye da sarautunsu abin saurare ne, ana iya keɓe waɗannan a doka. Amma wanda ya ƙi goma ya faɗi adadin da ya yarda da shi. Ashirin ne? Haihuwa a garin ce? Haihuwar uba da ɗa? 'Yan majalisar Kano da Filato da Oyo da Anambra duk suna da mutanensu a jihohin juna, kuma ya kamata masu zaɓe su tambaye su wannan adadi kafin su sake ba su ƙuri'a.